Wane ne Ɗan Bello? Tarihin malamin ajin barkwanci da ya hana 'yan siyasar Arewa barci

A Sabon Ibadan, ko Agege, ko Ama Hausa ta Owerri, in ka ga matasa bayan sallar isha'i sun yi cincirindo a kan waya ɗaya a teburin mai shayi, ana dariya ana salati a lokaci guda, to da wuya in ba Ɗan Bello ne ya saki sabon bidiyo ba. Dariyar saboda yadda ya faɗi maganar ce. Salatin kuwa saboda adadin kuɗin da ya ambata ne, da sunan ƙaramar hukumar da aka ce an tura wa kuɗin, wadda sau da yawa a cikin masu kallon akwai wanda can ne mahaifarsa, can kuma yake aika kuɗin magani duk ƙarshen wata.

Masu karatu da dama sun sha tambaya: shi wannan bawan Allah ɗan wasa ne, ko ɗan jarida, ko ɗan siyasa ne ya ɓad da kama? Ga abin da ya kamata a sani game da shi.

Asali da karatu

Cikakken sunansa Bello Habib Galadanci. Jaridun Turanci kan rubuta Galadanchi. An haife shi a shekarar 1987 a jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, amma a Kano ya tashi, kuma Hausarsa ta Kano ce tsantsa. Duk wanda ya saurare shi minti biyu zai ji wannan. Galadanci unguwa ce a cikin ganuwar birnin Kano, unguwar da ta yi suna da malamai, ita ta fitar da irin su Farfesa Shehu Galadanci, shugaban farko na jami'ar Sakkwato, da marigayi Farfesa M.K.M. Galadanci masanin harshen Hausa.

Haihuwar da aka yi masa a Amurka ba ƙaramin abu ba ne a tarihinsa. A dokar can, wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Saboda haka yana da fasfo biyu, na Najeriya da na Amurka, kuma za mu ga yadda wannan ya zame masa garkuwa a wani wajen, ya zame masa abin gori a wani wajen.

Ya koma Amurka ya yi digirinsa na farko a wata jami'a, ita ma a Pensilbaniyar take. Karatun injiniya ya yi, amma tun yana ɗalibi hankalinsa ya karkata ga kyamara da shirya fim.

Daga Muryar Amurka zuwa ƙasar Sin

Kafin a san shi da suna Ɗan Bello, masu sauraron rediyo sun san muryar Bello Galadanci a Sashen Hausa na Muryar Amurka da ke birnin Washinton, musamman a shirin matasa na Yau da Gobe. Yawancin yaran da suka san shi a TikTok ba su san wannan ba, alhali shi ne mabuɗin fahimtar aikinsa. A gidan rediyo ne mutum ke koyon yadda ake dunƙule labari mai tsawo a cikin minti uku, da yadda ake neman takarda kafin a buɗe baki, da yadda ake juya dogon Turancin gwamnati ya koma Hausar da mai tura baro zai gane. Barkwanci baiwa ce, amma waɗannan ukun koyonsu ake yi.

Daga baya ya bar Amurka ya tafi ƙasar Sin, wadda muke kira Chana, ya yi karatu mai zurfi a fannin ilimi har ya kai digirin dakta a jami'ar horon malamai ta Zhejiang, ya kuma zauna can yana koyarwa. Wato idan ka gan shi a bidiyo tsaye a gaban allo, ba kwaikwayon malanta kawai yake ba. Sana'arsa ce.

Akwai abin ban dariya ma a nan. Ƙasar Sin ta toshe Facebook da YouTube da X, TikTok ɗin da muke amfani da shi ma ba ya aiki a can, suna da nasu mai suna Douyin. Daga ƙasar da ba a yarda a taɓa shugabanni da wasa ba, daga nan ne wani Bakano yake yi wa gwamnonin Arewa shaguɓe. Agogon can ya riga namu da awa bakwai, don haka lokacin da ake hirar dare a Kano ana tafka muhawara a kan bidiyonsa, shi asuba ta kusa yi masa.

Gadon da ya tarar

Ba Ɗan Bello ne ya ƙirƙiro faɗa wa mai mulki gaskiya cikin raha ba. A fadar sarakunanmu akwai wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi abin da waziri ma ba zai iya faɗa ba, in abin ya yi zafi a ce ai wawa ne. Akwai 'yan kama, masu ɗaukar salon karatun malamai su mai da shi zancen tuwo da miya. Akwai 'yan gambara. Akwai tashe a watan azumi, inda yara ke kwaikwayon malami da attajiri da tsoho mai kwaɗayi a ƙofar gidansu, a kuma ba su sadaka. Da rediyo da talabijin suka zo sai aka samu su Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi wanda ya rasu a 2023, da Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Jos, da Golobo. Da zamanin kaset ya zo sai Rabilu Musa Ɗan Ibro ya riƙe fagen har rasuwarsa a watan Disambar 2014.

Sai dai wannan lasisin na wawan sarki bai taɓa zama tabbatacce ba. Ibro, wanda tsohon gandiroba ne, shi kansa sai da kotun tafi-da-gidanka ta aika shi gidan yari a 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabancin hukumar tace finafinai ta Kano. A watan Nuwamban 2022 kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa matasa biyu 'yan TikTok, Mubarak Isa Muhammad da aka fi sani da Uniquepikin da Nazifi Muhammad Bala, hukuncin bulala 20 kowannensu, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan wancan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ƙungiyar Amnesty ta yi tir da hukuncin, amma dai bulalar ta riga ta hau jiki.

Duk mai wasan barkwanci a Arewa ya ga wannan ya kuma ɗauki darasi. Shi ya sa mafi yawan masu barkwancin intanet ɗinmu suka tsaya a kan kishiya da uwar miji, da saurayi marowaci, da Bafulatani ya shigo birni. A nan akwai masu kallo, akwai kuɗin talla daga YouTube, daga tsakiyar 2024 kuma Facebook ma ya fara biyan 'yan Najeriya, ga kyautar TikTok, ga tallan masu atamfa da maganin gargajiya, ga gayyatar 'yan siyasa lokacin kamfe. Babu mai kai ka kotu don ka zolayi uwar miji. Mutumin da albashinsa ba daga Kano yake fitowa ba, gidan da yake kwana kuma babu motar 'yan sanda da za ta iya zuwa ƙofarsa, shi kaɗai ne zai iya shiga gonar da sauran suka kauce wa.

Ajin Ɗan Bello

Salon da ya fi fito da shi shi ne na aji. Malami a gaban allo, ɗalibai a zaune, darasi kuma a kan yadda ake tafiyar da Najeriya. Dabarar ita ce baibai: maimakon ya zagi mai satar dukiyar jama'a, sai ya koyar da satar kamar wani fannin ilimi, ya yabi gwanayenta, ya nuna talakan da ya yi haƙuri a matsayin ɗalibin kirki. Bahaushe ya san wannan salon, shi ne gatse. Wani lokaci kuma ya yi abin a sigar labarun talabijin, wani lokaci a waƙa. Yakan sa fassarar Turanci a ƙasan bidiyon, wanda shi ya sa maƙwabtanmu Yarbawa da Inyamurai a nan Kudu, da 'yan jaridar Legas, su ma suka san da zamansa.

Amma abin da ya bambanta shi da gaske ba gatsen ba ne. Takarda ce. A tsakiyar dariyar sai ka ga hoton wasiƙar gwamnati, ko shafin kasafin kuɗi, ko sunan kamfani da adadin da aka biya shi. Wawan sarki na da baki kawai ya riƙa. Wannan ya zo da baki da kuma fayil.

Fagen da ya fi daɗewa a kai shi ne kuɗin ƙananan hukumomi, kuma ya kamata a tsaya a yi bayaninsa, domin nan ne maganar ta fi shafar mu mazauna Kudu. Duk wata, kwamitin rabon arzikin ƙasa yana zama a raba abin da ya shigo asusun tarayya. A tsarin rabon, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Wato kusan ɗaya bisa biyar na kuɗin an ware shi ne don matakin gwamnatin da ya fi kusa da kai: makarantar firamare, ɗakin shan magani, rijiya, kasuwar ƙauye, kwalbati. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34, Gombe 11. Ko kai ɗan Dukku ne ko Nafaɗa, ko ɗan Ɓaure ko Ajingi, akwai adadin da aka rubuta da sunan garinku kowane wata, kuma ana wallafa shi, ba sirri ba ne.

Matsalar ita ce hanyar da kuɗin ke bi. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuɗin ya fara sauka a hannun jiha kafin ya gangara. Shekara da shekaru gwamnoni suka mai da wannan asusun aljihunsu, su rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi, su saki abin biyan albashi su riƙe saura. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da babban lauyan gwamnatin tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa doka. Aiwatar da hukuncin ne ya zama jan aiki.

Waɗannan bayanai sun daɗe a cikin jaridun Turanci da rahotannin ƙungiyoyi irin su BudgIT. Ba su dai iso teburin mai shayi ba. Abin da Ɗan Bello ya yi shi ne ya ɗauko adadin, ya faɗe shi da Hausa, ya ajiye shi kusa da hoton ajin da yara ke zaune a ƙasa rufin ya yaye. Mutumin da ke dako a Mile 12, wanda a wannan watan shi ya aika kuɗin da aka kai matar ƙaninsa asibitin birni saboda na garinsu babu ko farasitamol, ba ya buƙatar a yi masa sharhi bayan wannan.

Kwangilar magani ta 2024

Abin da ya ɗaga shi daga ɗan barkwanci zuwa wanda gwamnati ke mayar wa martani ya faru ne a watan Agustan 2024. Ya fitar da bidiyo yana zargin cewa an sa ƙananan hukumomin Kano 44 kowacce ta biya kimanin naira miliyan 10 don sayen magani, jimla wajen naira miliyan 440, kwangilar kuma ta tafi ga kamfanin wani ɗan'uwan Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fito ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar, wadda Muhuyi Magaji Rimingado ke jagoranta a lokacin, ta binciki lamarin. Hukumar ta gayyaci jami'ai da shugabannin riƙo da mai kamfanin ta yi musu tambayoyi.

A lura, bincike daban, hukuncin kotu daban, kuma wanda aka zarga ba mai laifi ba ne sai kotu ta ce. Amma a tarihin barkwancin Hausa wannan sabon abu ne: ɗan wasa ya yi magana, gwamna ya amsa, hukuma ta buɗe fayil.

Wani abin da wannan ya fito da shi shi ne halinmu. Kafin nan ya taɓa mutanen tsohuwar gwamnatin Ganduje, 'yan jar hula suna ta tafi suna yaɗawa, 'yan APC suna cewa ɗan Kwankwasiyya ne aka ɗauka haya. Da ya juyo kan gwamnati mai ci sai aka yi musayar kujeru, masu tafin jiya suka koma masu zagi. A 2025 kuma da ya taɓo shugaban wata babbar ƙungiyar addini a kan batun kuɗin ayyukan mazaɓu, zargin da ƙungiyar ta musanta da kakkausar murya, sai wasu da suka jure masa a kan 'yan siyasa suka ce a nan kam ya wuce gona da iri. Kowa na son a fasa ƙwai, in dai ba a kwandonsa yake ba.

Abin da masu suka ke cewa

Ba duk sukar da ake masa ba ce ta 'yan koren siyasa, akwai wadda ke da nauyi.

Ta farko ta taso ne daga zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agustan 2024. An cire tallafin man fetur tun 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a tsakiyar 2024, mutane sun kai maƙura, kuma bidiyoyinsa na cikin abubuwan da matasan Arewa suka fi yaɗawa a waɗancan makonnin. Zanga-zangar ta rikiɗe a Kano da wasu garuruwa, aka fasa wurare, aka sa dokar hana fita. Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a faɗin ƙasar. A farkon Nuwamba duniya ta ga yaran da aka tsare wata uku suna zubewa don yunwa a gaban kotun tarayya a Abuja, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Masu suka suka ce: ga wanda ya zuga yana Chana da fasfon Amurka a aljihu, ga 'ya'yan talakawa a kabari da kurkuku. Magoya bayansa suka ce yunwa ce ta fito da mutane ba bidiyo ba, kuma wanda ya harba bindiga shi za a tambaya. A ganina maganar magoya bayan ta fi ƙarfi, amma ta masu sukar ma ba ta faɗi ƙasa ba. Nisan da ke ba shi damar magana shi ne kuma ke hana shi ɗanɗana abin da maganar ke jawowa.

Ta biyu ta shafi aikin jarida. A gidan rediyon da ya yi aiki, ba a sakin zargi sai an nemi jin ta bakin wanda ake zargi. Bidiyon barkwanci na 'yan mintoci ba shi da wannan gurbin. Takarda na iya zama ta gaskiya amma fassarar da aka yi mata ta karkace, kuma in bidiyo ya zaga waya miliyan, gyaran da zai biyo baya ko kwatarsa ba zai kai ba. Mai kallo ya riƙa tuna cewa abin da yake gani ƙarar mai gabatar da ƙara ce, ba hukuncin alƙali ba.

Rijiya da ajujuwa

Amsar da ya bayar ga masu cewa surutu kawai ya iya ita ce aiki. Ya shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, da gyaran ajujuwan makarantu, da gina wa marasa galihu muhalli, yana nuna aikin a bidiyo tun daga farko har ƙarshe, yana kuma faɗin abin da aka kashe. Faɗin kuɗin nan shi ne ainihin saƙon. In an ga abin da gyaran aji ɗaya ya ci a hannunsa, sai mutum ya ɗauko abin da aka rubuta wa irin wannan aikin a kasafin gwamnati ya auna da kansa. Wato rijiyar ma wani darasi ne na ajin, an dai fito da shi daga allo zuwa fili.

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke nan Kudu, masu tara kuɗin gyaran masallaci ko makabarta a gida, sun san wahalar wannan: tara kuɗin ba shi ne matsala ba, a dawo a yi bayanin inda kowace naira ta shiga shi ne inda zumunci ke ɓaci.

Shi da hukuma

Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashe na 24, ita ce sandar da aka fi dukan masu rubutu da masu bidiyo da ita a Najeriya. An yi mata gyara a farkon 2024 aka rage faɗin sashen, amma kame bai tsaya ba, ga kuma dokokin ɓata suna na jihohi. An sha yin kira a kama Ɗan Bello, wasu kuma sun yi barazanar maka shi a kotu. Muddin yana ƙasar Sin duk wannan magana ce kawai.

A watan Afrilun 2025 ya zo gida. Rahotanni suka bazu cewa jami'an tsaro sun tsare shi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano bayan saukarsa, kafofin sada zumunta suka ɗauki zafi cikin 'yan sa'o'i, lauyoyi da 'yan gwagwarmaya suka fara magana, ba a jima ba aka sake shi. Su Mubarak da Nazifi, da ba su da fasfo na biyu, bulala ashirin-ashirin suka sha suka kuma yi wata guda suna sharar kotu.